Gasar Fasaha ta Ɗalibai a Katsina: Tambayoyi da Amsoshi kan Rumbun Bayanai da Zanen Fosta

Ina koyar da darasin kwamfuta a wata makarantar sakandare da ke cikin birnin Katsina. Duk lokacin da aka ce ga gasar fasaha ta ɗalibai ta matso, tambayoyi iri ɗaya ne ke biyo ni har ofishin malamai, wani lokaci har gida bayan magariba. Su ne na tattara a nan. Kowace gasa tana da takardar ƙa'idojinta, kuma abin da takardar ta ce shi ne a gaba da maganata.

1. Malam, wace irin gasa ce wannan, kuma me ake so ɗalibi ya yi?

Aiki biyu ne. Na farko, a ba ka labarin wata matsala, misali ɗakin karatu da littattafansa ke ɓacewa ko asibitin unguwa da katunan marasa lafiya suka cakuɗe, a ce ka gina rumbun bayanai da zai warware ta, sannan ka ciro wasu amsoshi daga cikinsa. Na biyu, a ba ka saƙo ka zana masa fosta, ko na tallan haja, ko na sanar da taro, ko na wayar da kai. Ana ƙayyade lokaci, kuma sau da yawa ana tsayar da kai gaban alƙalai ka yi bayanin abin da ka yi.

Wasu suna mamakin abin da ya haɗa ayyukan biyu. Ni a wurina abu ɗaya ne: akwai mutumin da ake yi wa aikin, kuma ba ya zaune tare da kai. Wanda ya riƙe wannan mutumin a ransa tun daga farko shi na saba gani yana lashe gasa, ko da wani ya fi shi saurin hannu.

2. Mene ne rumbun bayanai, kuma da me ya bambanta da Excel?

Ka san littafin bashi na mai shagon unguwarku? Duk wanda ya karɓi sukari ko sabulu, sai a rubuta sunansa da kaya da kuɗi. Ranar da mai shago ya so sanin nawa yake bin mutum ɗaya, sai ya bi shafi-shafi yana haɗawa. Rumbun bayanai shi ne wannan littafin idan an tsara shi yadda kwamfuta za ta amsa tambaya nan take: mutane a jadawalinsu, kaya a nasu, bashi a nasa, kuma akwai lambobin da suka ɗaure su da juna. Wannan tsari na jadawalai masu dangantaka wani masani ɗan asalin Ingila, Edgar Codd, ne ya fito da shi a shekarar 1970 lokacin yana aiki da kamfanin IBM a Amurka, kuma har yau a kansa akasarin bankuna da makarantu ke tafiya.

Excel gwani ne wajen lissafi, amma zai bar ka ka rubuta sunan mutum ɗaya ta hanya huɗu, ko ka sa kalma a gurbin kuɗi, bai ce maka uffan ba. Rumbun da aka gina da kyau zai ƙi karɓa. Wannan ƙin karɓar ne alƙalai ke nema, kuma na faɗaɗa shi a tambaya ta 6 da ta 7.

3. Ba ni da kwamfuta a gida. Zan iya shiga?

Za ka iya. Rabin aikin rumbu da biro da takarda ake yin sa, kamar yadda za ka gani a tambaya ta 5. Akwai kuma manhajojin waya da ake gwada SQL, wato yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, a kansu ba tare da data ba, ga Canva, manhajar zane, da ke aiki a waya. Sai dai kada ka yarda ranar gasa ta zama ranar farko da hannunka ya taɓa madannin kwamfuta. Ka roƙi malamin da ke riƙe da makullin ɗakin kwamfuta ya ba ku awa ɗaya bayan an tashi, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi lokaci a shagon kwamfuta.

4. Wace manhaja ya kamata in koya?

A matakin sakandare Microsoft Access aka fi haɗuwa da ita, domin jadawali da fom da tambayar da ake yi wa rumbu da rahoto duk suna wuri guda, amma a kan Windows kaɗai take aiki. LibreOffice Base kyauta ce kuma tana kama da ita. Ɗaliban manyan makarantu, irin na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ko takwararta ta tarayya da ke Daura, gara su ƙware a MySQL ko SQLite. Ita SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, tana nan cikin kowace wayar Android tana adana bayanai ba tare da mai wayar ya sani ba.

A ɓangaren zane, CorelDRAW ce masu ɗab'i suka fi sabawa da ita a garinmu, don haka wanda ya iya ta ya kama hanyar sana'a. Inkscape da GIMP kyauta ne. Ka tambaya tun da wuri wace manhaja ce za a tarar a ɗakin gasar, ka yi atisaye da ita ɗin.

5. An miƙo mini takardar tambaya. Da me zan fara?

Kada ka taɓa kwamfuta tukuna. Ka karanta labarin sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin kowane sunan abu da ke cikinsa, domin daga nan jadawalanka za su fito. Misalin da nake ba ɗalibaina kullum shi ne adashi, tunda babu gidan da ba a san shi ba. A ce uwar adashi tana da mata ashirin, kowace tana zuba naira dubu biyu duk Juma'a, mace ɗaya tana kwasa a mako. Ɗalibin da ke gaggawa zai yi jadawali ɗaya mai faɗi: suna, unguwa, lambar waya, zubin mako na ɗaya, na biyu, na uku, har ashirin. Idan aka shiga zagaye na biyu fa? Ko wata ta riƙe hannu biyu? Ko ta tashi daga Ƙofar Ƙaura ta koma Ƙofar Marusa? Nan ginin zai fara tsagewa.

Wanda ya natsu zai ga abu uku ne. Akwai 'yan adashi: lamba, suna, unguwa, waya. Akwai zubi: lambar zubi, lambar wadda ta zuba, kwanan wata, kuɗi. Akwai kwasa: lambar kwasa, lambar wadda ta kwasa, kwanan wata, kuɗi. Mace ɗaya tana da zubi da yawa, amma kowane zubi na mace ɗaya ne, shi ya sa lambarta ke zama a jadawalin zubi. Idan ta sauya unguwa, wuri ɗaya tak za ka gyara. Ka zana akwati uku a takarda, ka ja layukan da suka haɗa su, ka gwada tambayoyin da aka yi maka a kan zanen da baki. In zanen ya amsa su, to buɗe kwamfuta.

Minti goma sha biyar ɗin da za ka kashe a nan za su yi maka nauyi a rai, musamman idan ka ji na kusa da kai yana ta ƙwanƙwasa madanni. Ka daure. Na sha ganin ɗalibi ya rushe aikin awa guda ya faro daga tushe saboda ya tsallake wannan mataki.

6. Me ya sa ba zan yi amfani da suna ko lambar waya a matsayin babban mabuɗi ba?

Babban mabuɗi shi ne gurbin da ke bambanta kowane layi da ɗan'uwansa, ba ya maimaituwa, ba a barin sa fanko. To ka duba rajistar ajinku ka ƙirga masu suna Aisha ko Abubakar, har waɗanda sunan mahaifinsu ma ya zo ɗaya. Ga kuma mutum guda da za a rubuta shi Muhammad yau, gobe Muhammadu, jibi Mohammed. Lambar waya ita ma ba abin dogaro ba ce: uwa da 'ya suna iya amfani da layi ɗaya, kuma layi yana ɓata a sake wani. Ka bar kwamfuta ta ba kowa lambarsa da kanta, 1, 2, 3, lambar da ba ta nufin komai sai shi.

Idan wannan lambar ta je ta zauna a wani jadawalin, kamar lambar 'yar adashi a jadawalin zubi, sunanta baƙon mabuɗi. Bayan ka haɗa jadawalan, ka kunna tsaron dangantakar yadda ba za a iya shigar da zubin wadda ba ta cikin adashin ba. Alƙali yakan gwada wannan da hannunsa: ya rubuta lamba 99 ya ga ko rumbunka zai haɗiye.

7. Waɗanne ƙananan kurakurai ne suka fi cinye maki?

Na farko lambar waya. Lambobinmu goma sha ɗaya ne kuma da sifili suke farawa. In ka ajiye su a gurbin lissafi, sifilin zai ɓace. Gurbin rubutu ya dace da su, tunda ba a tara lambar waya ko a raba ta. Na biyu kwanan wata. Mu rana muke farawa da ita, Amurkawa wata, don haka 03/04/2025 a wurinka 3 ga Afrilu ce, a wurin Access kuwa, idan ka rubuta ta cikin SQL, 4 ga Maris ce. Ka saba da jerin shekara, wata, rana, wato 2025-04-03.

Na uku, ajiye abin da za a iya lissafowa. Kada ka ajiye shekarun ɗalibi, ranar haihuwarsa za ka ajiye, don shekaru suna canzawa. Haka jimillar zubi, tambaya ce za ta fito da ita. Na huɗu, gurbin da aka bari fanko daban yake da sifili: wadda ba a rubuta zubinta ba daban, wadda aka rubuta ta zuba sifili daban, kuma matsakaicin lissafi zai bambanta a kan haka. Na ƙarshe, sunayen jadawalai da gurabe su zama gajeru, babu tazara a tsakiya.

8. Dole ne in iya SQL, ko danne-dannen Access ya wadatar?

Danne-danne zai kai ka wani wuri, amma tambayoyin da ke raba na ɗaya da na biyar sai wanda ya fahimci yaren. Kalmomin ba su da yawa: SELECT, FROM, WHERE, JOIN, GROUP BY, HAVING, ORDER BY. Jimillar abin da kowace mace ta zuba, misali, layi ɗaya ne: SELECT lamba, SUM(kudi) FROM zubi GROUP BY lamba (lamba a nan ta wadda ta zuba ce). WHERE tana tace layuka kafin GROUP BY ta haɗa su, HAVING tana tacewa bayan an haɗa. In aka ce ka fito da waɗanda jimillarsu ta haura naira dubu goma, HAVING ake nufi.

Tambayar da ta fi kayar da ɗalibai ita ce mai “ba” a ciki: su wane ne ba su taɓa zubawa ba? Haɗi na yau da kullum, wato JOIN, yana nuna waɗanda ke cikin jadawalan biyu ne kawai, su kuwa waɗannan ba su da layi ko ɗaya a zubi. Sai ka yi LEFT JOIN, haɗin da ke fito da kowace 'yar adashi ko ba ta da zubi, sannan ka nemi inda ɓangaren zubi ya fito fanko. Ka kuma kiyayi DELETE (gogewa) da UPDATE (sauyawa) marasa WHERE, domin jadawalin gaba ɗaya za su shafa. Kafin ka gwada su, ka kwafi fayil ɗin ka ajiye gefe.

9. Haruffanmu masu lanƙwasa suna komawa akwati ko alamar tambaya. Yaya zan yi?

Matsala biyu ce mai kama da ɗaya. In a rumbu ne ɓ, ɗ da ƙ suka koma alamar tambaya, tsarin adana haruffan ne bai dace ba: ka zaɓi UTF-8, a MySQL kuma utf8mb4, tun lokacin ƙirƙirar rumbun. In a fosta ne suka koma akwati, salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da su. Noto Sans, Andika da Charis SIL duk suna da su kuma kyauta ne. Kafin ka ƙwallafa rai a kan wani salo, ka rubuta “ɓarawo ya ɗauki ƙarfe” ka gani.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Fostar da ta rubuta “kasa” alhali “ƙasa” take nufi ta canza magana. A sunayen gurabe na cikin rumbu kaɗai nake ba da shawarar a bar lanƙwasa, shi ya sa ka ga “kudi” a tambaya ta 8.

10. Zan iya cika rumbuna da sunaye da lambobin 'yan ajinmu na gaske?

A'a. Ka ƙirƙiro naka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki suna da lambar waya da bayanin lafiya a matsayin haƙƙin mai su, kuma ta ƙara tsanantawa kan bayanan yara. Fayil ɗin gasa yana yawo daga filashi zuwa filashi, ba ka san hannun da zai faɗa ba. Layi goma sha biyar zuwa ashirin na ƙirƙira sun isa, amma ka sa masu wahala a ciki da gangan: biyu masu suna ɗaya, ɗaya da ba ta zuba komai ba, ɗaya da ta zuba sau biyu a rana guda.

11. Me alƙalai ke dubawa a fosta?

Ka tsaya bakin titin Ƙofar Ƙaura da rana ka kalli yadda mutane ke wuce fostoci. Mai babur ba zai tsaya ba, fasinjan Keke Napep kallo ɗaya zai yi. Fosta tana da wannan ɗan kallon ne kawai, don haka saƙo ɗaya za ta ɗauka. Babban rubutu ya faɗi abin da ake ciki da kalmomi kaɗan. Na biye da shi ya faɗi yaushe da kuma ina. Ƙarami ya faɗi wanda za a tuntuɓa. In komai ya zama babba, ido ba zai san inda zai sauka ba.

Salon haruffa biyu sun isa, launi uku sun isa. Rubutu mai duhu kan fili mai haske, ko mai haske kan duhu; ja a kan kore ko ruwan ɗorawa a kan fari wahalar da mai karatu ne. Ka bar sarari, kada ka ji tsoron wurin da babu komai. Ɗalibanmu sun taso suna ganin fostocin siyasa da na biki da aka cusa wa hoto biyar da taurari da furanni, sai su ɗauka cikowa ita ce gwaninta. Gwajin da nake yi musu mai sauƙi ne: in manna fostar a allo, in kira ɗan aji ɗaya ya tsaya a ƙarshen aji, in rufe ta bayan na ƙirga uku, in ce ya faɗa mini abin da aka ce ya yi. In ya kasa, a koma kan zane.

Sannan ka bi umarni harafi da harafi. In an ce A3 a tsaye, kada ka kawo A4 a kwance. In an ce tambarin makaranta ya fito, ya fito ba tare da ka ja shi ya baje ba.

12. Da Hausa zan rubuta ko da Turanci?

In ƙa'ida ba ta ƙayyade ba, ka tambayi kanka wa zai karanta. Fostar rigakafi da za a manna a kasuwar Mai'aduwa ko kusa da rijiyar Kusugu a Daura Hausa take so, har ma da layi ɗaya na ajami, domin dattawa da yawa sun fi sakewa da shi. In ka haɗa harsuna biyu, ɗaya ya zama babba, ɗayan ya bi baya. Kuma ka yi tunanin taken da Hausa tun farko, don taken da aka juyo daga Turanci ana jin ɗingishinsa. Ka duba tambaya ta 9 kafin ka zaɓi haruffa.

13. Me ya sa launi ke canzawa, hoto ya dushe, idan an buga?

Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB. Injin ɗab'i da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK, kuma tawada ba ta iya fitar da wasu launuka masu ƙyalli, musamman shuɗi da kore masu haske. In za a buga, ka saita aikin a CMYK tun farko. Takardar A3 milimita 297 ce a faɗi, 420 a tsawo. A ɗigo 300 cikin kowane inci, hoton da zai cika ta yana bukatar ɗigo 3508 a faɗi da 4961 a tsawo. Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, sai dai in a matsayin fayil aka turo.

Ka ƙara milimita 3 na launi a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kuma kada rubutu ya matsi baki. Ka miƙa aikin a PDF don haruffanka su tafi tare da shi.

14. Ya halatta in ɗauko hoto a intanet, ko zanen Canva da aka riga aka shirya, ko in sa ƙirƙirarriyar basira (AI) ta yi mini?

Hoto yana da mai shi ko da ba ka ga sunansa ba, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare shi. Akwai hotuna a Wikimedia Commons da aka yarda a ɗauka, galibi da sharaɗin a ambaci mai su. Abin da ya fi shi ne ka ɗauki naka: Hasumiyar Gobarau da hantsi, hannun maƙeri, tulin tumatir a kasuwa. In fuskar mutum za ta fito, ka nemi izininsa, yaro kuwa izinin iyayensa.

Shiryayyen zane da ƙirƙirarriyar basira kuwa, takardar ƙa'ida za ka bi. In an hana, ka bari ko da babu mai ganinka. In an yarda, ka faɗi gaskiyar inda ka yi amfani da su. Alƙali zai tambaye ka dalilin wannan launi ko wannan haɗin jadawali, kuma wanda ba shi ya yi ba a nan bakinsa ke mutuwa.

15. Malam, 'yata ta nace sai ta shiga. Ba zai raba mata hankali da jarrabawa ba?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Rumbun bayanai da manhajar zane suna cikin abin da ake koyarwa a darussan kwamfuta na babbar sakandare, don haka atisayen gasar bitar karatunta ne. Daga cikin ɗaliban da na horar, 'yan mata sun sha fin maza natsuwa a matakin takarda da biro. Abin da za ki tabbatar shi ne lokacin atisaye da wurinsa sanannu ne, kuma akwai malama ko malamin da makaranta ta wakilta, musamman in za a yi tafiya zuwa wani gari.

16. In ƙungiya ce, yaya za mu raba aiki, kuma me za mu yi ranar gasa?

Ku raba, amma kowa ya san aikin ɗan'uwansa, domin alƙali yana iya nuna mai zane ya ce ya yi bayanin baƙon mabuɗi. Mutum ɗaya ya riƙe agogo da takardar tambaya, yana soke abin da aka gama.

Ku isa da wuri ku gwada kwamfutar da aka ba ku, har da linzaminta. Ku riƙa adana aiki duk bayan 'yan mintuna, don ana iya ɗauke wuta, kuma kafin a tada janareto abin da ba a adana ba ya tafi. Ya taɓa faruwa da wata ƙungiyata ana saura minti ashirin a tashi. Ku sa wa fayil sunan da aka umarta. Minti goma na ƙarshe ku daina ƙara komai: ku rufe rumbun da fostar, ku sake buɗe su daga cikin filashin da za ku miƙa, ku karanta kwanan wata da wurin taron da ke kan fostar da ƙarfi, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bin takardar tambaya da yatsa.